Wa ke cin birkin motar Alhaji?

Yau ba farashin hatsi na zo da shi ba, ba kuma rigimar burtali ba. Maganar birkin mota ce. Na san wani zai ce, mu da ko babur sai mun ara, ina ruwanmu da birkin V8? To ka daure ka karanta. Gaskiya ne motar ba taka ba ce, amma ta ƙofar gidanka take bi, kuma ɗiyarka ce ke tsallaka gudron da tiren talla a kai.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, na girme shi da shekara biyar. Direba ne. Ya fara da karen mota a tasha, ya yi tuƙin motar haya tsakanin Dakoro da Maradi, har Allah ya haɗa shi da wani Alhaji ɗan kasuwa wanda shagonsa ke Maradi, iyalinsa na nan wajenmu, dabbobinsa kuma na can arewa. Ba zan faɗi sunan kowa ba, waɗanda suka sani sun sani. Motar babbar kat-kat ce, irin wadda muke ce ma V8, baƙa wuluk, gilas mai duhu, kujerun fata, klim kamar an sa ka cikin firij. Ta hannu Alhaji ya saya, amma lafiyarta lau. Aikinta kuwa ba hutu. Kowane mako sai ta je Maradi ta dawo, wani lokaci sau biyu, ranar kasuwa kuma ta nufi Sakabal, ta wuce har wajen Bermo cikin rairayi, a duba garke.

Wata Laraba cikin kaka, bayan isha'i, na dawo daga radiyo na iske shi zaune bisa dakalin ƙofata. Shi da kullum yana hango ni sai ya ce «ga bawana nan tafe», ranar ko murmushi babu.

«Yaya, Alhaji ya amshe makulli.»

«Subhanallahi. Mi ya faru? Ka buge wani?»

«Allah ya kiyaye, saura ƙiris. Amma ba shi na ba. Cewa ya yi wai ni da makanike muna cin kuɗin plaket.»

Ga wanda bai sani ba, plaket su ne ƴan faifan nan biyu da ke kowace taya, masu bayan ƙarfe da wani nama mai kauri a gaba. In direba ya taka birki, su ne ke matse diskin da ke juyawa tare da taya har mota ta tsaya. Naman nan an yi shi ne don ya riƙa cinyewa a hankali. Sabo yana kai wa kamar milimita 10 zuwa 12, in ya rage saura 2 ko 3 sai a canza. In an bar shi ya ƙare, ƙarfe ke nan ke cin ƙarfe.

Ga yadda abin ya kasance. Farkon damina aka sa ma motar sababbin plaket na gaba a wani garaj a Maradi. Bayan wata biyu aka ce na baya sun ƙare, aka canza. Sai ranar Talata, jajibirin zuwansa wurina, suna dawowa daga Maradi da almuru, Alhaji na baya yana waya yana cewa a taka don a samu magariba a gida. Suna shigowa wani ƙauye sai ga amalanken shanu ɗauke da dammunan hatsi ya hau gudron, wani yaro da bai wuce shekara goma ba zaune a can sama. Taubashina ya taka birki iya ƙarfinsa. Ya ce mini abin da ya ji ƙara ce kamar ana wasa gatari a dutse, motar na ja gefe guda, kuma ba ta son tsayawa. Da ta tsaya, tsakanin parashok da tayar amalanken bai fi taƙi ɗaya ba. Warin ƙuna ya cika wurin. Yaron ya dube su, ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Da safe ya ce ma Alhaji plaket na gaba sun sake ƙarewa. Nan Alhaji ya hau sama. Lissafinsa mai sauƙi ne: yana da aboki a Yamai mai irin motar, fiye da shekara bai taɓa birki ba. Ta yaya tasa za ta ci plaket sau 3 cikin wata 5? Ko dai ba a sa sababbin, ko ana sa wa a cire a sayar. Ya amshi makulli, ya ce kuma kuɗin za su fita cikin albashi.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta ɗan yi rawa. Mun san halin wasu direbobi da wasu makanikai, takarda ta ce jika 60, kayan da aka sa na jika 15. Amma na san yaron nan tun yana rarrafe, matarsa na da ciki wata bakwai, kuma a garuruwanmu in aka ce direba ya ci amanar maigidansa, to ya gama tuƙin motar manya daga nan har Tibiri. Sunan ya fi albashin tsada.

Washegari na je gidan Alhaji. Bayan gaisuwa na ce, «Ranka ya daɗe, ban zo roƙo ba. Motar tana nan yadda take, ba a taɓa ta ba. A kai ta wurin wanda ba naka ba, ba nashi ba, a kwance a gabanka.» Ya yi shiru, ya ce, «To. Amma in ta tabbata shi na, ba ni ba shi, kuma kai ma kada ka sake zo mini da maganar.» Na ce na yarda.

Akwai wani dattijon makanike a Dakoro da ya yi shekaru yana gyaran motocin proje, yanzu yana zaune gindin bedi da yaransa uku. Can muka lallaɓa da motar, a hankali kamar masu rakiyar amarya. Baba bai tambayi kowa labari ba. Ya sa aka ɗaga ta, aka cire tayoyin huɗu, ya shimfiɗa buhu, ya jera plaket ɗin kowace taya a gefenta. Ko ni da ban san kan mota ba na ga bambanci. Na gaban dama babu nama ko kaɗan, ƙarfe ne tsirara yana ƙyalli, diskin wurin kuma ya yi zane-zane kamar kunyar gona, launinsa ya koma shuɗi saboda ƙuna. Na gaban hagu kuwa da sauran nama, sai dai duk ya tsattsage.

Ya kira Alhaji ya ce, «Matso ka gani da idonka. Ɓarawo ba ya cin gefe guda ya bar gefe guda.»

Ya nuna mana abin da suke ce ma etiriye, wato muƙamuƙin da ke riƙe plaket. A cikinsa akwai pistan da man birki ke turawa in an taka, in an saki kuma su ɗan koma baya. Kowane pistan yana da zoben roba da ke hana ƙasa da ruwa shiga. Na dama robar ta yage. Laka ta shiga, tsatsa ta kama, pistan ya fita ya ƙi komawa. Ma'ana tun cikin damina, lokacin da motar ke kutsa ruwan kwari da taɓo a hanyar arewa, tayar nan take tafiya da birki a ɗan matse, dare da rana, ko an taka ko ba a taka ba. Baba ya ce wanda ya canza plaket bai wanke komai ba, bai duba roba ba, ya dai tura pistan da ƙarfi ya zura sababbi ya karɓi kuɗinsa. Ya tambayi taubashina, «Ba ka lura tana shan mai fiye da da ba?» Ya ce ya lura, ya ɗauka nauyin kaya ne.

Sai ya ɗauki plaket na hagu ya kankare shi da turnabis. Abin ya riƙa zuba kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya shinshina, ya ɗaga kai.

«Wa ya sayo wannan?»

Wurin ya yi tsit. Taubashina ya sunkuyar da kai. Alhaji ya gyara hula. Ashe a farkon damina da direban ya ce masa plaket na ƙwarai jika 55 ne, sai ya ga kamar an yi masa ƙari, ya aiki yaron shagonsa kasuwa, ya samo a jika 15, cikin kwali mai kyau, da tambari da komai. Direba aikinsa kawai ya kai garaj. Wallahi ban yi dariya ba, amma na sha wuya kafin in riƙe ta.

A nan ina so in yi ma Alhaji adalci, don ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka rufe iyaka da Benin bayan 26 ga Yulin 2023, kayan da muka saba samu ta tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, komai ya yi tsada. Kayan mota na shigowa ta ko'ina, daga Dubai, daga Sin, daga Najeriya, na ƙwarai da na jabu a kwali iri ɗaya. Kowa na neman sauƙi. A Turai akwai ƙa'idar da ake ce ma R90, wadda plaket na canji sai ya cika ta kafin a sayar, kuma ana buga alamar a jikinsa. Amma mai iya buga tambarin kamfani a kwali ai ba alamar nan za ta gagare shi ba. Baba ya ce shi ma'auninsa biyu ne, farashi da wanda ya sayar maka. In kuɗin ya yi daɗi fiye da kima, ka aje.

Na ɗauka magana ta ƙare, an wanke yaro, mu tashi. Baba ya ce a'a, zauna, ko da plaket na ƙwarai aka sa, motar nan yadda ake tafiyar da ita ba za ta kai na abokin Alhaji ba. Ya ce nauyi da gudu. Daga nan ne karatun fizik da muka yi a lise, wanda na ɗauka ya bi ruwa, ya dawo mini, har da dare na zauna da biro na yi lissafin.

Birki ba ya ɓatar da ƙarfin mota, mayar da shi zafi yake. Yawan zafin kuwa yana bin nauyin mota, sannan yana bin gudu ninki a kan ninki. In ka ninka nauyi sau 2, zafi ya ninku sau 2. In ka ninka gudu sau 2, zafi ya ninku sau 4. Irin waɗannan manyan motoci, Land Cruiser 200 da aka fara fitarwa a 2007, ko ƴar uwarta Lexus LX 570, ko Nissan Patrol, ko Range Rover, kowace tana wajen tan 2 da rabi ko fiye ba tare da kowa a ciki ba. Sa mutum shida ko bakwai, cika tanki, ɗora buhun shinkafa da jarkokin ruwa da gishirin dabbobi, ka kai tan 3. Mota mai tan 3 da ke gudun kilomita 120 a awa, in ta tsaya cak, zafin da birkinta zai sha ya isa ya ɗauki ruwa kusan lita 5 daga sanyin randa ya kai shi tafasa. In 60 take gudu, lita 1 da ƴar ɗoriya ne. Ƙaramar mota mai tan 1 da kilo 200 a gudun 60 kuwa, rabin lita. Wato tsayawa ɗaya ta V8 ɗin Alhaji a gudun da yake so daidai take da tsayawa 10 ta ƙaramar motar malamin lakwal.

Yanzu ku tuna hanyarmu. Daga nan zuwa Maradi sama da kilomita 100 ne, kuma ba daji ba ne fayau. Ƙauye bayan ƙauye, kowane da tudun rage gudu a mashiga da mafita, ga shingen jami'an tsaro, ga garken awaki, ga jaki da ya ga dama ya tsaya tsakiyar hanya yana tunani, ga rami. Motar tana da ƙarfi, cikin ƙiftawar ido ta koma 120, kuma a cikinta ba ka jin gudun, shiru ne kamar ɗaki. Sai direba ya taka mai, ya taka birki, ya taka mai, ya taka birki. Ka ce sau 20 ya yi haka a tafiya ɗaya, ya tafasa rabin tano ke nan a kan ƴan faifan da ba su fi tafin hannu ba, kuma mafi yawan aikin na gaba ne ke yi, don in an taka birki nauyin mota gaba yake zubowa. Abokin Alhaji na Yamai daga gida zuwa biro yake zuwa, shi da jakarsa.

Tudun nan kuwa kada wani direba ya zage su a gabana. Yawancinsu sai da aka rasa rai a wurin kafin mutanen gari su nemi a yi.

Kamfanonin ma sun san nauyin nan matsala ne. Da Toyota ta fitar da Land Cruiser 300 a 2021, ta bar injin V8 ta koma V6, ta kuma ce ta rage ma motar nauyin da ya kai kilo 200. Mu dai har gobe V8 muke ce mata. A Turai kuma, cikin dokar Euro 7 da suka amince da ita a 2024, har ƙurar da birki ke fitarwa sun sa ma iyaka, don naman plaket da ya cinye ba ɓacewa yake ba, iska yake shiga mutane su shaƙa. Mu nan ƙurar hunturu ta ishe mu, ba mu kai ga wannan lissafin ba.

Sai aka zo kan taubashina, don shi ma bai fita fes ba. Baba ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya haska fedar birki da tocilan wayarsa. Robar ta siɗe ta gefen hagu, tana ƙyalli.

«Kai, da wace ƙafa kake taka birki?»

«Da... duk wadda ta samu, Baba.»

«Ƙarya kake. Da hagu kake takawa, kuma bisa kai take kwana.»

Ya amsa. Ya koyi tuƙi a motar haya mai ambireyaj, ƙafar hagu ta saba da aiki. Da ya koma motar otomatik mai feda biyu, sai ƙafar ta rasa wurin zama, ta samu birki ta ɗora. Shi a ganinsa bai taka ba, ya dai aza ne don shirin ko-ta-kwana. Amma birkin irin waɗannan motoci yana da taushi, nauyin ƙafa kaɗai ya isa ya sa plaket su riƙa shafar diski. Baba ya ce in kuna bin babbar mota a baya kuka ga jar wutarta na kunne alhali tana ƙara gudu, to ga irinsu nan. Ya ƙara da cewa motar haya in ka ɗaga ƙafa daga mai ka rage bites, injin da kansa yake riƙe ta. Otomatik kuwa in ka bar ta a D sai ta yi ta sulalawa, komai ya koma kan birki. Alhali akwai wurin da ake tura sandar a rage bites da hannu, a bar injin ya taimaka tun daga nesa. Shekara biyu yana tuƙa motar bai taɓa kai sandar wurin ba, wai tsoro yake kada ya ɓata ma Alhaji buwat.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na baya. Na tambaya, to su kuma mi ya cinye su cikin wannan ɗan lokaci, tunda an ce gaba ke aikin? Baba ya ce ma direban, «In kuna cikin rairayi, ba ka ganin wata ƴar wuta na ƙyaftawa a tablo, kana jin ƙara ƙarƙashi kamar ana taunar tsakuwa?» Ya ce kullum. Ashe motocin nan suna da kwamfuta da ke lura da juyawar kowace taya. In ta ga wata taya na juyawa a banza tana tono, sai ta matse birkin wannan tayar ita kaɗai don ƙarfi ya koma ga sauran. A kan gudron mai santsi wannan dabara tana ceton rai. Amma a tudun rairayi irin na hanyar Sakabal da gangaren Tarka, inda taya ke zamewa kowane taku, motar da kanta take ta taka birki awa guda cur, direba bai sani ba, ƙafarsa na kan mai. Ga rairayin kansa da jar ƙasar laterit suna shiga tsakanin plaket da diski suna aikin sandfefa. Maganin da ya ba da shi ne wanda tsofaffin direbobin daji suka sani: a rage iskar taya kafin a shiga rairayi don ta shimfiɗu ta daina tono, a sa bites ɗin da ya dace da wurin, a duba littafin motar a ga maɓallin da aka tanada don rairayi, a kuma mayar da iska da zarar an hau gudron. Littafin na nan cikin akwatin gaba, da Faransanci ma, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ni na karanta musu.

Na ƙarshe man birki. Ya buɗe ƴar robar, man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Man birki yana shan laima daga iska a hankali, kuma in ya sha, saurin tafasa yake. Irin wanda ake ce ma DOT 4, sabo bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 230 ba, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. In ya tafasa, feda sai ta nutse ƙasa ba birki. Shi ya sa ake son a juye shi kamar kowace shekara 2. Mu kuwa bidanj ɗin injin kawai muka sani. Har wa yau, in plaket na cinyewa man yana sauka cikin robar, wannan alama ce. Yaran garaj sai su cika shi su rufe, alamar ta ɓace.

Ni dai ga ra'ayina, kuma na faɗa ma Alhaji a gabansa cikin ladabi. Masu manyan motocin nan suna kashe kuɗi a abin da ido ke gani. Wanki kullum, turare, labule, sabon jant, ƙaho mai firgita jaki. Abin da ke ɓoye bayan taya kuwa nan ake neman ragi. Gobirawan da suka yi birni a nan Birnin Lalle kafin su gangara kudu mutanen doki ne, kuma ban jin akwai wanda zai sayi ingarma da tsada a cikinsu ya ɗaura masa linzamin kaba. Sannan a cikin mota maigida ne ke cewa «taka, mun makara», in abu ya lalace kuma direba ne ɓarawo. Direbobin ma ba su da bakin cewa a'a, don akwai goma a tasha masu jiran makullin. Ba motar ƴan kasuwa kaɗai nake nufi ba. Ku tuna yadda jerin gwanon manya da motocin proje ke ratsa garuruwanmu ranar kasuwa.

Abin da Baba ya ce kowane direba ya riƙa yi ba shi da wuya. In kun yi tafiya mai nisa kun tsaya, zagaya ka kai bayan hannu kusa da kowane jant, kada ka taɓa diski don zai ƙone ka. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, akwai abin da ya maƙale. In ka ji ƙara siririya kamar kukan tsuntsu in taya na juyawa, sau da yawa wani ɗan ƙarfe ne da aka sa da gangan don ya yi gargaɗi cewa nama ya kusa ƙarewa, ba aljani ba ne, kada a ƙara sautin radiyo a kansa, ko da shirina ne ake. In an ratsa ruwa da taɓo, a wanke ƙarƙashi. In za a canza plaket, a tsaya a gani an wanke etiriye, an duba roba, an shafa maiko inda ya kamata, kuma a amshi tsofaffin a kai ma mai mota. Wannan na ƙarshe da taubashina ya yi shi tun farko, da ba mu kai ga haka ba.

Alhaji ya biya. Plaket na ƙwarai gaba da baya, diski biyu na gaba don ba a canza ɗaya a bar ɗaya, robobin pistan, man birki, da ladan Baba. Sai da aka jira kwana huɗu kafin kayan su iso daga Maradi. Ban ga takardar ba, amma na ga fuskarsa lokacin da yake ƙirga kuɗin, kuma na tabbata jika 40 ɗin da ya yi tsimi a farkon damina sun tafi da ƴan uwansu da yawa.

Bai ce ma yaron ya yi haƙuri ba. Manyanmu ba su iya wannan kalmar ba. Ya dai miƙa masa makulli ya ce, «Sai ka cire ƙafarka daga bisa birkin mutane.» Albashin watan ya fito cikakke, kuma da matar ta haihu Alhaji ne ya aiko da ragon suna. Taubashina ya ce mako biyu na farko sai da ya riƙa cusa ƙafar hagu ƙarƙashin kujera kafin ta saba. Maganar gudu kuwa, ya ce Alhaji ya rage cewa «taka» in an kusa gari, amma tsakanin Kornaka da Tibiri in waya ta yi zafi yana mantawa.

Baba ya yarda zai zo radiyo mu yi shiri a kan wannan, da sharaɗin kada in sa shi ya yi Faransanci. Direbobi da ƴan kabu-kabu, ku shirya tambayoyinku, zan sanar da ranar. Diskin da ya ƙone na roƙa an ba ni, yana nan jingine bayan ƙofar situdiyo, zan ɗora hotonsa ku ga zanen. Yaron amalanken kuwa taubashina ya ce ya sake ganinsa ranar wata kasuwa, a daidai wurin, wannan karon da kara ya ɗauko. Ya rage gudu tun daga nesa, ya ɗaga masa hannu. Yaron bai gane shi ba.